Yadda ake sayen babban haddis na hannu don rumbun ajiya na gida

Tambayar nan ta yi yawa, musamman daga masu ɗaukar bidiyon biki da masu editin da kuma waɗanda ke tara karatuttukan malamai da tafsirin azumi shekara da shekaru: wai waɗannan manyan haddis ɗin (hard disk, faifan ajiyar bayanai na kwamfuta) masu terabayit (TB) 12, 16, 18 da ake ciro su daga manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na ƙasashen waje a sayar da araha, za a iya sa su a NAS, wato akwatin ajiyar bayanai da ake jonawa da netwok, a gida kuwa? Amsa ita ce eh, kuma a ganina ga mai ƙaramin ƙarfi babu hanyar da ta kai ta sauƙi. Amma arahar tana da sharaɗi, dole ka gwada kayan sosai tun kana da damar mayarwa, kuma kada ka taɓa ɗora dukkan aikinka a kan guda ɗaya. Ga yadda ake bi daki-daki, kuma don Allah a bi jerin yadda yake, don mafi yawan asarar da ake yi daga tsallake mataki take zuwa.

1. Fara da inda za ka sa shi

Kafin ka duba farashi, duba na'urarka. Ko dai kana da NAS na kamfani irin Synology ko QNAP, ko kuma tsohuwar kwamfutar tebur ce za ka ɗora mata manhajar da za ta mayar da ita NAS, irin TrueNAS ko Unraid ko OpenMediaVault. Duk suna yi. Abin da za ka tabbatar shi ne tana karɓar haddis mai inci 3.5, ramuka nawa take da su, kuma bakin da ake jona haddis ɗin irin wanda ake kira SATA ne. In ta kamfani ce, shiga shafinsu ka duba jerin haddis ɗin da samfurinka yake karɓa da iya girman da yake ɗauka. A 2025 Synology ta takura wasu sabbin na'urorinta a kan sai haddis ɗinta, daga baya ta sassauta, shi ya sa dubawar take da amfani.

Gargaɗi: SATA daban, SAS daban, shi wani irin bakin jonawa ne. Za ka ga na SAS ya fi araha ƙwarai har ranka ya biya, to ka sani ba ya shiga bakin SATA ko kaɗan, sai ka sayi wani kati na musamman da wayoyinsa. In ba ka riga ka san harkar ba, bar shi kawai ka nemi wanda aka rubuta SATA ɓaro-ɓaro.

2. Girma nawa, guda nawa

Lissafa abin da kake da shi yanzu, ka ƙara abin da kake tarawa a shekara sau uku. Sannan ka tuna abu biyu. Na farko, haddis mai TB 16 idan ka jona shi Windows kusan 14.5 zai nuna maka, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da kwamfuta. Na biyu, guda ɗaya ba ya yi. Mafi ƙaranci biyu, kowanne kwafin ɗan'uwansa, wato TB 16 guda biyu su ba ka wurin TB 16 kacal. In guda huɗu ne, tsarin da ke jure mutuwar guda ɗaya zai ba ka 48, wanda ke jure mutuwar biyu zai ba ka 32.

In kuɗinka na babba guda ɗaya ne kawai, gara ka sauko ka sayi matsakaita guda biyu. Wannan shawarar ba na canza ta ga kowa.

3. Gane abin da mai sayarwa ya rubuta

Nan ne ake yi wa mutane wasa da kalmomi. Kashi uku za ka gani. Wanda aka rubuta "manufacturer recertified" shi ne wanda ya koma hannun kamfanin da ya ƙera shi, suka gwada, suka sake masa takarda suka fitar, na Seagate ma yawanci za ka ga koren layi kewaye da takardar. Wannan shi ne sahun gaba. Sai "seller refurbished" ko "renewed", wato ɗan kasuwa ne da kansa ya goge ya gwada, ingancinsa ya danganta da amanar ɗan kasuwar ne kawai, wani gwajin gaske yake yi wani kuma ƙura kawai ya kaɗe. Na uku "used" ko "pull", an ciro shi daga saba (server, babbar kwamfutar cibiyar bayanai) an miƙo maka yadda yake.

Na ukun ba lallai ya zama mara kyau ba, wani lokaci ma ya fi na biyun gaskiya tunda ba a taɓa lissafin awanninsa ba, kana ganin shekarunsa ƙuru-ƙuru. Kamar sayen mota 'yar Beljiyam ne, wadda aka bar mitarta yadda take ta fi wadda aka juya mata mita aka wanke inji kwanciyar hankali.

Gargaɗi: in ka ga an rubuta sabo dal amma farashin na hannu ne, ka tsaya. Haka waɗannan ƙananan akwatunan da ake tallatawa wai SSD mai TB 16 ko 30 a kuɗin cefane, ƙarya ce tsagwaronta, ɗan memori ne a ciki aka yi masa dabara yake nuna girman da ba shi da shi.

4. Zaɓi samfuri, ka karanta lambarsa

Gidaje uku ne suka rage a duniya masu ƙera haddis: Seagate, Western Digital da Toshiba. A kasuwar na hannu waɗanda za ka fi cin karo da su su ne Seagate Exos irin X16 da X18, sai WD Ultrastar irin HC520 mai TB 12, HC530 mai 14, HC550 mai 16 ko 18, sai Toshiba MG07, MG08 da MG09. In ka ga HGST a jikin wani kada ka tsorata, WD ce ta saye su tun 2012, kuma kayansu sun yi suna wajen ƙarko. Dukkan waɗannan an yi su ne don su yi aiki dare da rana ba hutu, kuma irin masu girman nan a rufe suke ruf da iskar hiliyam a ciki, ƙurar hunturu ba ta shiga cikinsu.

Kada ka tsaya a sunan, kwafi cikakkiyar lambar samfurin ka nemi takardar bayanansa a shafin kamfanin, ka tabbatar da abu uku. Ɗaya, SATA ne. Biyu, CMR ne, wato salon rubutu na asali, ba SMR ba. SMR wani salon rubutu ne da ake ɗora layi kan layi don a samu wuri, yana da saurin gajiya idan rubutu ya yi yawa, kuma ranar da NAS ke sake gina bayanai bayan wani ya mutu, ranar yake kunyata mutum. An yi ta cece-kuce a kan wannan a 2020 lokacin da aka gano wasu WD Red masu TB 2 zuwa 6 SMR ne. Uku, tsarin girman gurabun faifan 512e ne ko 4Kn. In ba ka da tabbas a kan na'urarka ɗauki 512e, kusan komai yana karɓarsa.

Gargaɗi: Ultrastar HC620 da HC650 suna yawo da farashi mai daɗi, amma wani irin SMR ne da sai manhaja ta musamman ke iya sarrafa shi. NAS ɗin gida ba zai yi aiki da su ba. Kada ka saya ko nawa aka rage maka.

5. Wajen wa za ka saya, kuma nawa zai tsaya maka

Hanya biyu ce. Ko ka yi oda daga waje, inda akwai dillalan da sana'arsu ke nan kamar ServerPartDeals da goHardDrive a Amurka, da masu shaguna a eBay da Amazon, ko kuma ka nema a gida wajen masu kayan kwamfuta, irin su Computer Village a Ikeja ko Banex a Abuja ko Beirut Road a Kano. Na gida amfaninsa kana iya zuwa da laftof ɗinka ka gwada a gaban mai kaya, sai dai manyan ba kullum ake samunsu ba. Na waje akwai zaɓi da yawa amma mayarwa aiki ne.

Tambayoyin da za ka yi kafin ka biya: garanti na wata nawa ne, kuma wa ke ɗauke da shi? Yawanci na hannu garantin ɗan kasuwa ne ba na kamfani ba, wani kwana 90, wani shekara ɗaya ko biyu, wani har biyar. Kwana nawa aka ba ka ka mayar in bai yi ba? Wa ke biyan kuɗin mayarwar? A gida kuma ka sa a rubuta maka lambar siriyal ɗin kowanne a jikin rasit tare da kwanakin gwaji, aƙalla mako biyu, don gwajin da za mu yi a ƙasa ya fi mako guda. "Ai mun saba" ba garanti ba ne, a rubuta.

Lissafin kuɗi kuwa, raba farashi da yawan TB shi ne ma'auni. A ce mai TB 16 dala 200 ne, kowane TB ya kama 12.5 ke nan, mai TB 12 kuma a ce 170, ya haura 14, ka ga babban ya fi araha duk da kuɗinsa ya fi yawa. Wannan misali ne kawai, farashi na motsi kullum ga kuma canjin dala. A kan wannan sai ka ɗora kuɗin ɗan aike ko kamfanin jigila, su da kilo suke caji kuma kowane haddis ya kusa giram 700 ban da kwali, sai kwastan, sai cajin katin banki. In bayan ka tara duka ragin da ka samu a kan sabo bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, ni dai sabon zan saya mai garantin shekara biyar.

Gargaɗi: in ta hannun ɗan aike kayan za su biyo, kwanakin mayarwa suna fara ƙirguwa ne tun ranar da suka isa adireshinsa na can, ba ranar da suka iso hannunka ba. Jirgin ruwa zai cinye kwanakin duka, a biyo da su ta sama. Kuma ka roƙe shi kada ya cire su daga soson da aka naɗe su don rage nauyi, faɗuwa ɗaya a hanya ta isa ta gama da haddis.

6. Ranar da kaya ya iso

Ɗauki bidiyo tun daga yanka kwali, shi ne shaidarka. Duba kusurwoyi ko akwai lotsawa, duba bakin jonawa ko ya tsage, duba lambar siriyal ta jiki ta dace da ta rasit, ka kuma lura da ranar ƙira da ke kan takardar. Wanda ya lotsa ko kaɗan ne kada ma ka jona shi, mayar.

Kayan gwaji: kwamfutar tebur mai bakin SATA, ko kuma dokin USB (dock, mazaunin da ake cusa haddis a jona shi ta USB) mai nasa cajan na bolt 12, don wutar USB kaɗai ba ta tada babban haddis. Sai fanka ƙarama da za ta riƙa hura shi, da wuta tsayayya.

Gargaɗi: in ka jona shi a kwamfutar tebur ka ji shiru ko motsi bai yi ba, kada ka yi saurin cewa matacce ne. Wasu daga cikin irin waɗannan suna da wani tsari da idan wutar bolt 3.3 ta taɓa fil na uku a bakin wutar, sai su ƙi tashi, kuma tsofaffin fawa saflai suna tura wutar nan. Maganin shi ne ka liƙe fil ukun farko na bakin wutar, waɗanda ke kusa da bakin data, da ɗan siririn tef mai jure zafi, ko ka yi amfani da wayar da ke juya Molex, wato tsohon bakin wuta mai fil huɗu, zuwa SATA. In wayar za ka saya nemi mai kyau, masu arahar nan da aka narka robar a kansu suna iya kamawa da wuta. Akwatunan NAS na kamfani yawanci ba su da wannan matsalar.

7. Karanta SMART

Kowane haddis yana rubuta tarihin lafiyarsa da kansa, shi ake kira SMART. A Windows sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce. A Linux ko cikin TrueNAS rubuta smartctl -a /dev/sda, ka canza sda da sunan naka. In ta dokin USB ne bai nuna ba, ƙara -d sat. Ɗauki hoton abin da ya nuna ka ajiye.

Kada ka tsaya a kalmar "Good" da ke sama, sauka kan lambobin. Lamba 5 tana nuna gurabun da suka lalace aka sauya su, 197 waɗanda ake zargi suna jiran hukunci, 198 waɗanda suka gagara karantuwa, 187 kuskuren da ya kasa gyaruwa. Waɗannan huɗun sifili nake so in gani, in ɗaya ya nuna wani abu daban, mayar, ba ciniki. CrystalDiskInfo a lissafin heks, mai haɗa lambobi da haruffa, take nuna su, shiga saitin ka mayar da su lambobin da muka saba. Lamba 199 in ta hau yawanci waya ce ba ta zauna ba, canza waya ka ga ko ta tsaya. A na WD da HGST lamba 22 ita ce ta hiliyam, 100 ake so. A na Seagate kuma za ka ga lamba 1 da 7 da wasu miliyoyi masu ban tsoro, haka suke rubuta nasu, ba matsala ba ce.

Sai lamba 9, awannin da ya yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce, don haka mai awa 26,000 ya yi kusan shekara uku yana aiki, mai 44,000 ya yi biyar. Ni har wajen 30,000 ba na damuwa in sauran lambobin tsaf suke kuma farashin ya nuna shekarun. Wanda kamfani ya sake fitarwa za ka gan shi da awa sifili ko kusa, haka tsarin yake, amma kada ka ɗauke shi sabo.

Gargaɗi: ana goge SMART. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta heise a Jamus ta bankaɗo yadda aka riƙa sayar wa mutane Seagate Exos da suka yi dubban awanni a matsayin sababbi, 'yan damfara sun mayar da lissafin sifili. Abin da ya tona asirin shi ne wani kundi na biyu da na Seagate ke da shi mai suna FARM. In naka Seagate ne, da smartmontools 7.4 ko sama rubuta smartctl -l farm /dev/sda ka kwatanta awannin ciki da na lamba 9. In an ce maka sabo ne, SMART ya ce awa 10, FARM ya ce 20,000, ka san abin da ake ciki.

8. Gwajin wahala

Wannan ne matakin da mutane ke tsallakewa saboda ɗoki, kuma shi ne mafi muhimmanci. Fara da gajeren gwaji, smartctl -t short, minti biyu ne. Sai dogon, smartctl -t long, wanda ke karanta faifan daga farko har ƙarshe, a mai TB 16 ka ba shi kwana guda ko fiye. In ya wuce, sai a rubuta a kowane lungu a karanta. A Linux umarnin shi ne badblocks -b 4096 -wsv /dev/sda, in kuma haddis ɗin ya kai TB 18 sa 8192 a madadin 4096 don in ba haka ba zai ƙi farawa. Zagaye huɗu yake yi, kowanne rubutu da karatu, a babban haddis yana cin kusan mako guda. In Windows kake, yi cikakken fomat, wato ka cire alamar "quick", bayan ya gama ka sake dogon gwajin SMART. Kuma wajen tsarin raba faifan GPT za ka zaɓa ba MBR ba, MBR ba ya wuce TB 2.

In kana da guda biyu ko huɗu gwada su lokaci guda, kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya kwanakin mayarwa su ƙare maka. Bayan an gama sake buɗe SMART ka kwatanta da hoton da ka ɗauka na farko. In 5 ko 197 ko 198 sun motsa daga sifili, ya faɗi jarrabawa, kuma gara ya faɗi yanzu da babu komai a kansa.

Gargaɗi: badblocks da -w yana share komai, ka duba sunan faifan sau biyu kafin ka danna, kuskuren harafi ɗaya zai goge maka wanda aikinka ke kai. Sannan in NEPA ta ɗauke a tsakiya gwajin ya katse, saboda haka a kan inbata ko sola za a yi shi. Sa ido kan zafi ma, in ya haura digiri 50 ƙara masa iska.

Za ka ji yana ƙara, wani gurnani da ɗan bugu lokaci-lokaci ko ba ya aikin komai, haka na saba suke, shi ya sa ba a ajiye su a ɗakin kwana. Abin tsoro shi ne ƙas-ƙas mai maimaituwa tare da faifan yana ɓacewa daga kwamfuta yana dawowa.

9. Haɗa su a cikin NAS

Ɗaura kowanne da sukurori sosai, ka lura manyan nan wasunsu ba su da ramin sukuru na tsakiya, sai ka yi amfani da na gefe. Rubuta lambobin ƙarshe na siriyal a ɗan tef ka manna a gaban kowane rami, ranar da ɗaya ya mutu za ka san wanda za ka zaro ba tare da lalube ba.

Guda biyu, yi madubi, wato RAID 1. Huɗu zuwa sama, ni mai jure mutuwar biyu nake ba da shawara, RAID 6 ko RAIDZ2 ko SHR-2 gwargwadon na'urarka, dalili kuwa sake gina TB 16 yana ɗaukar kwana guda ko fiye, kuma duk tsawon lokacin sauran tsofaffin suna aiki ba sassauci, in wani ya sake faɗuwa a lokacin kuma kariyar guda ɗaya ce, komai ya tafi. In da hali kada duka su fito daga dila ɗaya a rana ɗaya, waɗanda suka yi rayuwa tare sukan gaji tare.

Gargaɗi: RAID, wato wannan haɗa faifan, ba bakof ba ne, wato kwafin da ake ajiyewa daban. In ka goge fayil bisa kuskure, ko bairos mai kulle fayiloli ya shiga, ko tsawa ta bi ta waya, ko ɓarawo ya ɗauke akwatin, duka faifan abin zai shafa. Abin da ba za ka iya sake samu ba, kamar bikin mutane da ba ka miƙa ba tukuna, ya zama yana da wani kwafi a haddis daban da ke ajiye a wani gida.

10. Wuta, zafi da kulawa

A wajenmu abin da ke kashe haddis bai wuce ɗaukewar wuta da zafi ba. UPS dole ne, kuma ka nemi mai bakin USB da zai gaya wa NAS wuta ta tafi ya kashe kansa cikin tsari kafin batir ya ƙare. Ko kana da inbata ka sa shi, saboda ɗan giɓin canji zuwa janareto. Kowane haddis yana cin wat 5 zuwa 10, guda huɗu da na'urar kanta ka ƙiyasta wat 50, wato wajen yunit 36 a wata in ba a kashewa, ka sa wannan a lissafin mita ko na batiran sola. In tsohuwar kwamfuta ce ka tabbatar fawa saflai ɗinta mai kyau ne, don lokacin tashi kowanne yana jan kusan amp 2 a layin bolt 12.

Zafi kuma, ƙoƙarta ka riƙe su ƙasa da digiri 45. A watan Maris zuwa Mayu wannan sai da dabara: ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da taga, a ɗaga shi daga ƙasa, kada a kulle shi cikin kabad, a sa fankar akwatin ta yi gudu sosai ko da za ta yi ƙara. Da hunturu kuma a riƙa buɗewa ana hure ƙurar da ta toshe fanka. Kada a matsar da akwatin yana kunne.

A cikin saitin NAS kunna gajeren gwajin SMART duk mako, dogon duk wata, da tantance bayanai da ake kira "scrub" shi ma duk wata, sannan ka haɗa sanarwa zuwa imel ko wayarka ka gwada ta ka ga ta iso. Ranar da saƙo ya zo cewa lamba 5 ko 197 ta fara hawa, fara da sabunta bakof, sannan ka ɗauki hoton SMART ɗin ka tura wa mai sayarwa in garanti bai ƙare ba. Wanda zai maye gurbin dole girmansa ya kai na tsohon ko ya fi, kuma shi ma sai ya bi mataki na 6 zuwa na 8 kafin ya shiga akwatin.